Awon Wuta a Ƙasar Ƙanƙara

Sunana Arzika, ni mutumin Kore Mairuwa ne. Na yi lakwal, wato firamare, ta ƴan mishan a Dogon Dutsi, inda babana yake aikin kafinta, na wuce lise, wato sakandare, a Yamai, daga nan gwamnati ta ba ni bursi, kuɗin karatu, in je Faransa in koyo aikin lantarki. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma duk na'urar da ta lalace a gidan waya ko gidan rediyo sai an jira Bature ya zo ya taɓa ta. An ce mu ne za mu gaje su. Da wannan magana a kaina na sauka daga jirgin ruwa a Marseille, da akwatin ƙarfe ɗaya a hannu da takardun makaranta a aljihun ciki.

Ina tsaye bakin tashar jirgin ina duban hanya, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, ƙanena," da Hausa tsantsa irin tamu ta yamma. Na juya na ga wani mutum fes cikin kwat da malafa yana murmushi. Tun da jirginmu ya bar tashar Kwatano ban ji Hausa ba sai a bakina in ina addu'a. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce Arewa ta wajen Dogon Dutsi, ya dafa ƙirji ya ce ai uwarsa ƴar Matankari ce, kusa da mu. Ya ambaci unguwannin Dutsi ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan kokowa da muke yayi muna yara. Ya ce jirgin ƙasan da zai kai ni Grenoble sai yamma, in ba shi akwatin ya ajiye a ɗakin wani amininsa kusa da tasha, ni kuma in je in yanki tikiti ba kaya. Da hannuna na miƙa masa, har ina godiya.

Na yanki tikitin na dawo inda ya ce in jira shi. Na jira har inuwar gine-ginen ta juya. A akwatin nan akwai rigar sanyin da Baba ya sayo mini, da zanen saƙa na Inna, da garin hatsi da yaji da busasshiyar kuɓewa da ta ƙulla mini a tsumma. Kayan sun ci mini rai, amma abin da ya fi zafi shi ne da harshen uwata aka kama ni.

Wani tsoho baƙi mai shara a tashar ne ya lura da ni. Babambare ne, tsohon soja, ya zauna can bayan yaƙin duniya. Da na ba shi labari da Faransanci bai yi mamaki ba. Ya ce ya san mutumin: in ya ga Bahaushe ya yi masa Hausa, in ya ga Babambare ya yi masa Bambaranci, kuma uwarsa ƴar kowane gari ce. Ya ce in na tafi komsariya wurin ƴan sanda jirgin zai tashi ya bar ni, akwatin kuma ba zai dawo ba. Ya tambayi inda za ni. Da ya ji, ya ja ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye tsintsiyoyi, ya ciro tsohuwar rigar soja mai nauyi daga jikin ƙusa ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce can dutse ne da ƙanƙara. Ya raba burodinsa ya ba ni rabi. Na tambayi sunansa, ya ce in yi sauri, an fara shiga.

A Dogon Dutsi muna alfahari da dutsenmu, har garin da sunansa ake kira. A Grenoble na ga duwatsun da namu ko gwiwarsu bai kai ba, sun kewaye garin ta kowane gefe, kawunansu fari fat. Neman ɗaki ya fi neman makarantar wuya. Sai in ga takarda a taga an rubuta ɗakin haya, in ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube ni daga rigar sojan nan zuwa fuska, a ce yanzu-yanzu aka kama. Washegari in na biyo ta nan takardar tana nan. A ƙarshe wata gwauruwa ƴar Italiya, Madam Rozina, wadda mijinta ya mutu a aikin siminti, ta ba ni wani ɗaki ƙarƙashin rufi. Ta ce ba girki a ɗaki, ba shiga da takalmi. Ta ƙara da cewa ita ma da ta zo garin an rufe mata ƙofofi, ba ta manta ba.

Sanyin farko ya kusa kai ni ƙasa. Yatsuna suna ƙagewa har alƙalami ya faɗi. Amma shirun ya fi damuna. A gida ƙarar taɓarya ce take tada mutum, da kukan jakai, da gaisuwar da ba ta ƙarewa ta kan darnin kara. Can sai in wuni ban buɗe baki ba in ba malami ne ya tambaye ni ba. Ranar Lahadi in je coci, addu'o'in iri ɗaya ne da na cocinmu na Dutsi, in rufe ido in ji kamar Baba yana gefena, amma da an tashi kowa ya ɗaga wuyan rigarsa ya wuce. Na rame. Abincin makaranta ba ya zama mini a ciki.

Wata Lahadi da rana Madam Rozina ta kira ni madafinta. Na tarar da ita tsaye kan tukunya, tana tuƙa garin masara da wani dogon icce, yana ɓulɓula yana kauri. Na tsaya ina kallo kamar an dasa ni. Tuwo ne, tuwon masara, sai dai su da wani suna suke kiransa a ƙauyensu. Ta juye shi kan katako, ta zuba miyar tumatir da nama a gefe. Na ce mata a garinmu da hannu ake cin wannan. Ta dube ni, ta ajiye cokalinta, ta ce a garinsu ma, kafin su zo birni su koyi girman kai. Muka ci da hannu mu biyu. Daga ranar kowace Lahadi akwai tuwo, ni kuma nake hawo mata da gawayi daga ɗakin ƙasa.

Karatun ya tafi daidai, ba ni ne gaba ba, ba ni ne baya ba. A shekarar ƙarshe sai da istaj ake ba da takardar diplom, wato mutum ya je wani kamfani ya yi aikin gaske na wasu watanni, mai kamfanin ya sa hannu cewa ya iya. Katin zamana a ƙasar ma da wannan sa hannun za a sabunta shi. Abokan karatuna duk suka samu wuri, ni aka yi ta ce mini an cika. Wani ƙaramin kamfani a bakin gari ne ya ɗauke ni. Mai shi Mushe Garniye, mutum ne mai fara'a da yawan alkawari, kullum yana kan tarho. Ya haɗa ni da babban injiniyansa, Mushe Tibor.

Mushe Tibor gajere ne mai furfura, ba ya son magana. Daga baya na ji cewa daga wata ƙasar gabashin Turai ya gudo lokacin wata fitina, da ƙafa ya ƙetare iyaka, kuma ba shi da fasfo na kowace ƙasa sai takardar ƴan gudun hijira. A makonnin farko abin da kawai yake ce mini shi ne, "Sake aunawa." In kawo masa sakamako ina jin daɗi, ya duba ya miƙo mini, "Sake aunawa." Na ɗauka ƙina yake yi.

Na'urar da suke ƙerawa sunanta konbertisa. Aikinta ta karɓi wutar da ke fitowa daga abin awo, wadda take hawa da sauka ba tsayawa, ta mayar da ita lambobi yadda injin lissafi zai iya karantawa. Da tambayoyi take yin haka. Wutar nan ta wuce rabi? In ta wuce, ta wuce rabin abin da ya saura? Haka za ta yi ta raba tazarar har ta ƙanƙance, sai lamba ta fito, a koma kan awo na gaba. Mai amsa tambayoyin wani ɗan allo ne da bai fi tafin hannu ba, ƴan ƙananan kayan lantarkin da ake kira transisto ne a jiki da wayoyi, ana ce masa komparato. A ba shi wuta biyu ya faɗi wadda ta fi, iyakar saninsa ke nan. Shi aka ɗora mini.

Da farko na raina aikin. Ban daɗe ba na gane dalilin furfurar Mushe Tibor. In an ba komparato lokaci, amsarsa daidai take fitowa. In an matsa masa, kuma wutar biyun sun yi kusa da juna, sai ya tsaya yana rawa tsakani, lokacin ya ƙare ya faɗi abin da ya zo masa. In na ƙara masa transisto don ya ga ɗan bambanci ƙarami, sai ya yi nauyi, ya daɗe kafin ya amsa. In na rage masa kaya don ya yi sauri, sai ya riƙa kwasar duk wata hayaniyar wuta da ke kusa, har injin makwabtanmu masu walda in sun kunna sai na gani a jikinsa. Ɗumi ma yana canza masa ra'ayi: abin da na daidaita da safe ɗakin yana sanyi, da rana ya karkace.

Waɗanda suka yi odar na'urar masu wata madatsar ruwa ne can saman duwatsu. Ɗaya daga manyan injinan da ruwa yake juyawa ya taɓa tsagewa ba a san dalili ba, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Suna son su riƙa auna girgizar injinan su ga alamar tun kafin ta zama tsaga. Girgizar tana da sauri, don haka dole na'urar ta yi sauri. Alamar kuma ƴar ƙarama ce, don haka dole awon ya zama daidai har lambar ƙarshe. Mushe Garniye ya riga ya yi musu alkawarin duka biyun, a rubuce, a matakin da babu abin da ke kan teburinmu da ya taɓa kaiwa.

Da ranar gwaji ta matso ya kira mu ofishinsa. Ya ce ga yadda za a yi: za mu tafi da namu injin ba da wuta, mu ba na'urar wuta mai tafiya a hankali, lambobin su fito tsaf, sannan mu nuna saurin daban, ba tare da kowa ya duba lambobin ba. "Ba ƙarya za mu yi ba," in ji shi, "abin da ya yi kyau za mu nuna." Na ce masa ai a kan injin gaske za su yi aiki da ita. Ya yi murmushi, ya ce ya ga ina da himma, kuma yana fata ba abin da zai hana shi sa hannu a takarduna da daɗin rai. Mushe Tibor ƙasa yake kallo.

Da muka tashi aiki, a hanyar zuwa tashar bas, Mushe Tibor ya yi mini magana mafi tsawo tun da na san shi. Ya ce a ƙasarsu ya yi aiki a wurin da ake rubuta lambar da shugaba yake so, ya ga ƙarshen abin, shi ya sa yake sa ni sake awo. Ya ce amma ya tsufa, kuma in aka kore shi ba shi da inda za shi. "Kai kana da gida, Arzika. Ni nan ne ƙarshen hanyata." Na ce masa gidan nan da yake gani, in na koma ba diplom ban san da wane ido zan dubi mutane ba. Muna nan tsaye har bas ta zo ta wuce ba mu shiga ba. Sai ya ce tunda dukanmu matsorata ne, abin da ya rage shi ne mu gyara na'urar iya gyaruwa, yadda ranar gwaji gaskiyar ba za ta yi muni sosai ba.

A cikin kwanakin nan wasiƙar Baba ta zo. Ya ce damina ta yi gardama, hatsi bai yi ba, samarin garin sun tsallaka Najeriya cin rani tun kafin lokaci. Ya ce Inna ta tafi wurin danginta a Lugu ta sa an roƙa mini sa'a a wurin iskokinsu, shi bai so ba, amma ya ga ya kamata in sani cewa ta kowace hanya ana tuna ni. Ya ce kowa yana tambayar yaushe injiniya zai dawo. Na karanta a kan matakalar gidan Madam Rozina, na ninke ta na sa a aljihu.

Muka duƙufa. Ni na ɗauki awo. Na sa allon a akwatin kwali na ajiye bayan taga cikin ƙanƙara, na dawo da shi kusa da murhu, na matsa masa, na sassauta masa, ina duba inda kuskuren yake faɗawa. A hankali abin ya fito fili. Kuskuren ba warwatse yake ba. Yana zuwa ne in tambaya ta faɗo dab da iyaka, kuma wanda ya fi ɓarna shi ne na tambayoyin farko, don in aka ce wutar tana sama da rabi alhali tana ƙasa da shi kaɗan, duk tambayoyin baya a wurin da ba ta nan za su yi ta nemanta. Na kai wa Mushe Tibor. Ya duba ya daɗe, kuma ranar bai ce in sake aunawa ba.

Ya ɗauki alli ya fara zane a kan teburin. Ya ce ya taɓa karanta wata dabara, bai taɓa gwadawa ba. Maimakon komparato ɗaya da ake son ya zama mai sauri kuma mai lura, a yi biyu. Mara nauyi ya amsa tambayoyin farko da gudu, ko da zai ɗan kauce. Mai nauyin, wanda yake ganin bambanci ƙarami, a bar masa na ƙarshe, a ba shi lokacinsa. Sannan a ƙara tambaya ɗaya a tsakani, wadda za ta leƙa hagu da dama na iyakar, yadda in na farkon ya yi kuskure na biyun zai kama ya gyara. Tambayar ƙarin za ta ci lokaci, amma za ta bar na farkon ya yi gudu ba tsoro.

Faɗarsa ta fi yinsa sauƙi. Mun ƙona transisto ba adadi. Hayaƙin dalmar haɗa wayoyi ya kama mini riga har Madam Rozina ta ce warin maƙera nake. Don maganin sanyi da ɗumi, na zauna da kwalin transisto ina auna su ɗaya-ɗaya ina neman biyun da halinsu ya zo ɗaya, na huda ɗan guntun jan ƙarfe na cusa su a ciki gefe da gefe, yadda duk abin da ɗaya ya ji ɗayan ma zai ji. Mushe Tibor ya fara zuwa da abincin rana na mutum biyu, wani tsiran alade mai barkono da burodi, ya tura mini rabi ba tare da ya ɗago kai ba. Da muka gama, na'urar ta fi ta da nesa ba kusa ba. Amma ba ta kai alkawarin ba. Akwai saurin da in an tsaya a kansa kowace lamba gaskiya ce, ko cikin ƙanƙara ko kusa da murhu. In an wuce shi zuwa inda Mushe Garniye ya rubuta, lambar ƙarshe sai ta fara rawa. Muka gaya masa haka. Ya ce ya ji, a sa injin ba da wutar a mota.

Hanyar madatsar ban taɓa bin irinta ba. Motar tana hawa tana nadewa jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami da ba a ganin ƙasansa. Kunnuwana suka toshe, sai da aka tsaya na yi amai a kan ƙanƙara. Aka ɗaura wa tayoyin sarƙa. Na rungume na'urar a cinya cikin bargo kamar jinjiri har muka isa.

Ɗakin injinan ya fi cocin Dutsi girma sau da yawa, ƙasa tana kaɗawa ƙarƙashin takalmi, sai an ɗaga murya ake jin juna, ga sanyi yana fitowa daga siminti. Injiniyan wurin wani dogo ne mai tabarau, ba ya dariya. Da ya ga muna sauke injin ba da wutarmu ya ce a mayar da shi mota. Ya ce a jona na'urar da injin gaske, ga kuma wani tsohon abin awonsu mai jinkiri da za a riƙa gwadawa da shi. Na ga wuyan Mushe Garniye ya yi ja. Ya murɗa na'urar da kansa zuwa saurin da ya yi alkawari. Lambobin suka fara fitowa, na farkon tsaye, ta ƙarshen tana tsalle.

Injiniyan ya duba ya tambayi wanda ya yi komparaton. Mushe Garniye ya nuna ni, ya ce ɗalibin istaj ne daga Afirka, yana kan koyo, za a sa wani ya sake dubawa. Na ji maganar har tafin ƙafata. Injiniyan ya juyo gare ni ya sunkuyo don in ji shi cikin ƙarar.

"Kai da ka yi shi, a wane sauri ka yarda da shi?"

Na tuna takardun da ke jiran sa hannu. Na miƙa hannu na mayar da maɓallin baya zuwa inda muka auna, na ce a nan na yarda da shi, kowace lamba, kuma ko sanyin ɗakin nan ba zai karkatar da shi ba. Na ce sama da nan lambar ƙarshe ba abin dogaro ba ce.

Ba wanda ya tambayi Mushe Tibor. Ya matso ya tsaya kusa da ni, hannuwansa cikin aljihu, ya ce, "Tare muka yi shi. Abin da ya faɗa shi ne gaskiya, ni ma a nan nake tsayawa."

Injiniyan ya juya ga ma'aikatansa. Ya sa aka bar na'urar tana aiki, aka yi ta gwada ta da tsohon abin awonsu, suna zuwa ɗaya. Ya sa aka buɗe ƙofar da ruwa yake shiga injin kaɗan-kaɗan, aka rufe, aka sake buɗewa. Wajen la'asar, a wani matsayi na ƙofar, lambobin suka nuna wata ƴar girgiza tana tasowa tana kwantawa. Ya sa aka maimaita, ta sake fitowa a wuri ɗaya. Ya cire tabaransa ya goge, ya ce abin da suka daɗe suna zargi ke nan ba su da idon ganinsa. Ya gaya wa Mushe Garniye cewa wannan saurin ya ishe su, abin da ba zai ishe su ba shi ne lambar da ba su san ko za su yarda da ita ba. Ya ce a sake rubuta yarjejeniyar da saurin gaskiya, a rage farashin daidai da haka, kuma suna son wasu na'urorin don sauran injinan.

Muka kamo hanyar saukowa. Na riga na sallama takarduna, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Baba. Da muka kai wani ƙauye a tsakiyar dutsen Mushe Garniye ya tsayar da motar gaban wani gidan abinci, ya sa aka kawo mana miya mai zafi, ya zauna yana juya cokali. Can ya ce shi ma injiniya ne kafin ya zama mai neman oda, kuma ma'aikatansa suna da iyali. Bai ba da haƙuri ba, mu ma ba mu nema ba. Bayan ƴan kwanaki na tarar da takarduna a kan teburina da sa hannunsa. Ya kuma tambaye ni ko zan zauna in ya ba ni aiki. Na yi masa godiya, na ce ana jirana.

Na dawo gida da diplom, aka sa ni gidan waya a Yamai, daga baya aka mayar da ni Doso. Ni da Mushe Tibor muka ci gaba da rubuta wa juna, shi gajeru, ni dogaye. Bayan wasu shekaru aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ya riƙe fasfo karo na farko tun da ya bar garinsu. Ƙasarsu har lokacin ba ta shiguwa gare shi. Sai ya rubuto mini cewa yana son ya ga inda ake samun mutane masu taurin kai.

Ya zo lokacin kaka, ana cikin yankan hatsi, shekarar kuma an samu. Na ɗauke shi a motar aiki muka bi ta Dogon Dutsi ya gaisa da Baba a rumfar aikinsa, muka wuce Kore Mairuwa inda Inna take. Mutanen gari suka kasa faɗin sunansa, suka mayar da shi Tibiri, suna dariya wai Bature ya ari sunan garin makwabta. Ya zauna kan tabarma ƙarƙashin iccen bedi, fuskarsa ta yi ja da rana, yana amsa gaisuwa da kai.

Inna ta daɗe tana kallonsa daga bakin ɗaki. Na riga na ba ta labarin madatsar tun dawowata. Ta ce, "Arzika, tambaye shi, uwarshi na da rai?"

Na tambaye shi. Ya ce ta rasu bayan ya gudo, wani ne ya rubuto masa, kuma bai san inda kabarinta yake ba. Na juya mata da Hausa. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar hura, ba ta ba ni in miƙa ba, da kanta ta durƙusa ta sa masa a hannu.

"Gaya mishi, wanda ya tsaya ma ɗana inda ba shi da kowa, wanga gida nashi na. Shi sha."

Ya sha har ya ɗaga ƙwaryar, hura ta ɓata masa gashin baki. Ya sunkuyo ya tambaye ni yadda ɗa yake yi wa uwarsa godiya a nan. Na faɗa masa a hankali, ya maimaita a ransa, sannan ya dube ta ya ce, "Na gode, Inna," a karkace. Ta amsa masa ba ta ko ɗago kai ba, tana ƙara masa hurar a ƙwarya.